Inna, Ban Dasa Tsamiyarki Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ta dace da ke, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Talatu, nake rubuto miki daga Kurayyat, inda muka koma bayan an rushe unguwarmu ta Karantina a Jidda. Na san ko kina raye sai an karanta miki, amma akwai maganar da ta tsaya min a wuya tun da na dawo daga tafiya, kuma ba za ta wuce ba sai na faɗa miki ita yadda take.

Ban dasa tsamiyarki ba, Inna. Ƙwaya ɗaya ce ta rage, na kai ta ƙarshen duniya, na dawo babu ita.

Bari in faro daga tushe, don masu leƙen wasiƙar nan ba su san gidanmu ba. Kin sha ba mu labarin yadda kika taso daga ƙasar Katsina kina yarinya, a bayan iyayenki, kuka yi shekaru kuna ratsa Sudan kafin ku ga Jidda. Mahaifiyarki ta ƙulle 'ya'yan tsamiya a bakin zanenta, duk inda kuka yi zango sai ta binne ɗaya. Ta ƙarshe a tsakar gidanmu na Karantina aka binne ta, ke kika yi ta ba ta ruwan wanke-wanke har ta zarce rufin kwano.

Maƙwabta suka yi ta cewa tsamiya masaukin aljanu ce, ba a barin ta a tsakar gida. Ke kuwa kika ce, "Aljanin da ya iya biyo ni daga Katsina har Jidda, ai ya cancanci inuwa."

Kina yawan cewa, "Ƙasar da ta ba ka ruwa ka sha, kada ka tafi ba ka bar mata itace ba." Da ciwo ya kwantar da ke, kin kama hannuna kin ce duk inda ƙafata ta kai taki ba ta kai ba, in dasa miki ɗaya. Na ce to. Ban san nauyin "to" ɗin nan ba sai daga baya.

Allah Ya rufa miki asiri, ba ki ga ranar da katafila ta shigo unguwa ba. Ana gobe za a rushe layinmu na tona gindin bishiyar da hannuna, don ba lokacin 'ya'yanta ba ne, na samu ƙwaya biyar kacal. Ɗaya na binne a Madina, ɗaya a Ta'if, ban ga tsiron ko ɗaya ba. Biyu sun tsiro a gwangwani a bakin tagata, zafi ya cinye su lokacin da na kwanta asibiti. Ɗaya ta rage.

Kin tuna jikarki Rahma, wadda kike yi wa dariya don tana jin Hausa sarai amma in za ta mayar sai Larabci ya riga ta? To yanzu babbar ma'aikaciya ce, aikinta nitso a Bahar Maliya tana duba lafiyar murjani. Ita ce ta zo ta ce, "Yalla Mama, wannan karon tare za mu." Wai wata ƙasa Ikwado, a Kudancin Amurka, da wasu tsibirai nata a tsakiyar teku da ake kira Galafagos. Na ce ni da gwiwar nan? Ta ce halas, wato magana ta ƙare, ta riga ta gama komai.

Babban birninsu Kito yana kan duwatsu, Ta'if ma a gefensa kwari ce. Ranar farko taku goma nake yi in tsaya ina haki. Sanyi kuwa, safa biyu na saka, ni da aka haifa a Jidda. Amma wallahi gari ne mai kyau. Tituna ƙanana na dutse, gidaje masu baranda da suka tuna min tagogin katako na Balad, tsohon garin Jidda, majami'u an shafe cikinsu da ruwan zinare har ido na gajiya. Aka kai mu wani waje da aka ja layi a ƙasa, wai nan ne tsakiyar duniya, kowa na raba ƙafa ana ɗaukar hoto. Ni ma na raba. Ban ji komai ba, sai gwiwata da ta yi ƙara.

A kasuwarsu ne na ga abin mamaki. Wata mata mai malafa da doguwar kitso ta miƙo min kofi, na kurɓa, sai na ji tsamiya. Tsamiya, Inna, irin wadda kike jiƙa mana da azumi! Na ce ashe ta riga ni zuwa. Rahma ta tambayar min ita, ta ce ba ta fita a nan, sanyi ya yi yawa, daga bakin teku ake kawo ta. Sai na ce a raina, to, ƙwayar Inna ta jira tsibiri.

Daga nan laifina ya fara. Dokar tsibiran nan ita ce ba a shiga da iri, ko ɗanyen ɗan itace, ko ƙasa a tafin takalmi. Kwalin dabinon da na riƙo don tsaraba, kin san ba ki koya mana shiga wuri hannu rabbana ba, Rahma ta sa na rabar wa ma'aikatan masauki. A filin jirgi tana cike takarda ta ɗago ta dube ni ta ce, "Mama, akid, kin tabbata babu iri a wurinki?" Na ce babu. Alhali ƙwayar na ƙulle a bakin mayafina, ƙulli biyu, yadda kike ƙulle goro. Na yi wa 'yata ƙarya da furfurata, ta sa hannu a takarda a kan maganata.

Da muka isa tsibiran jirgin ruwa muka shiga, ƙarami ne, ba mu kai mutum ashirin ba. Da rana mu sauka tsibiri, in mun dawo a wanke mana takalma kafin mu hau. Sallah ma sai da dabara, don jirgin na juyawa a kan ruwa, in kabbara ina fuskantar alƙibla in sallame ina kallon wani dutse. Na ce Allah Ya ga niyya.

Da kin ga wurin nan da kin riƙe baki. Ƙasa baƙa ƙirin, aman dutse ne ya daskare, kamar ƙanzon da aka manta a kan wuta. Wasu dabbobi wai zakin teku, ni dai ban ga zakinsu ba, sun fi kama da kare mai ƙiba, suna kwance a kan benci ba sa matsa wa kowa. Baƙaƙen damo masu nitso a teku, in sun fito su yi ta atishawar gishiri. Tsuntsaye masu shuɗin ƙafa, namiji na ɗaga ƙafa ɗaya-ɗaya a gaban mace kamar mai nuna sabon takalmin sallah. Abin da ya fi taɓa ni shi ne babu mai gudun mutum a cikinsu. Tsuntsuwa na kan ƙwanta a tsakiyar hanya, mu ne za mu kauce.

Rana ta huɗu aka hau da mu tudu, inda manyan kunkuru suke. Jagorarmu wata baiwar Allah ce, Lusiya, haifaffiyar tsibirin. A mota ta nuna mana wata ƙaya da ta cinye gefen hanya hagu da dama, Rahma na fassara min. Ta ce ba ta nan ba ce, mutane ne suka kawo ta don suna son 'ya'yanta, irin na garinsu. Ta bazu ta shaƙe itatuwan tsibirin, har yau ana sara tana dawowa. Na ji sarai, na yi kamar ban ji ba, na kau da kai taga.

Da muka sauka na ce gwiwa ta motsa, su yi gaba. Na zauna bakin wani kududdufi, ƙasa mai laushi da danshi, irin wadda tsamiya ke so. Na fito da cokalin shayin da na ɗauko daga jirgi na yi rami. Na kwance ƙulli na farko.

Sai ga kunkuru. Girmansa ya kai babbar tukunyar biki, wuyansa duk tamoji, an ce wasunsu sun haura shekara ɗari. Ya nufo ruwa a hankali, sai ya tarar ƙayar nan ta tare hanyar. Ya tsaya, ya miƙa wuya, ya ja da baya, ya gwada ta wani gefen. Ban san lokacin da Gwaggo Gambo maƙwabciyarmu ta faɗo min a rai ba, ranar da na same ta bayan rusau tana zagaya tarin bulo tana neman inda ƙofarta take. Mu fa mun san yadda ake ji idan abu ya zo daga waje ya cinye maka gida, kai kuma ba ka da ƙafar gudu.

Wataƙila tsamiyarki ba za ta cuci kowa ba, Inna. Amma wanda ya kawo ƙayar nan ma haka ya ce wa kansa, shi ma kewar gida ce ta dame shi. Na mayar da ƙasa na rufe ramin babu komai a ciki, na yi kuka mai isata.

Da suka dawo na nuna wa Rahma ƙullin da ya rage a bakin mayafina, na ce mata ƙwayar tsamiya ce a ciki. Fuskarta ta canza, na ɗauka faɗa za ta yi, kuma da ta yi da gaskiyarta. Ta dubi ƙullin, sannan ta ce da Hausarta mai ɗingishi, "Na Sitti ne?" Kin san haka take kiran ki. Na ce ita ce ta ƙarshe. Ta rungume ni, amma duk da haka ta kama hannuna muka je wurin Lusiya. Jininki ce, ba ta iya rufa-rufa ba.

Lusiya ba ta tozarta ni ba. Ta ce dole a miƙa wa jami'an da ke tsare tsibirin, kuma abin da ya shiga hannunsu ba ya dawowa. A tashar jirgin ruwa na kwance ƙulli na biyu da kaina. Wani jami'i ya saka ta a 'yar leda ya liƙe, ya yi min godiya. Tafiyar da ta faro daga bakin zanen kakata a nan ta tsaya, a hannuna. Ba zan ɓoye miki ba, ya yi min ciwo, har yanzu yana yi.

Washegari Lusiya ta sa aka mayar da mu tudun, ni da Rahma kawai. Akwai wani fili da aka sare ƙayar ana mayar da itatuwan asali na tsibirin. Ta ɗora min wani ɗan tsiro a hannu, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, ta ce irinsa ba ya fita ko'ina a duniya sai nan. Rahma ta ba ta labarin maganarki ta ƙasa da ruwa da itace, shi ya sa. Na durƙusa da gwiwar nan tawa na dasa shi, na yi bismilla, Rahma ta zuba ruwa.

To kin ji yadda aka yi. Na sha ruwan ƙasarsu, na bar musu itace, sai dai nasu ne ba naki ba. Ban sani ba ko wannan ya cika alkawari. Idan bai cika ba ki yafe min, kamar yadda Rahma ta yafe min ƙaryar da na yi mata.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya gafarta wa iyayenki da suka ratso duniya da ke. Duk tsamiyar da ta tsiro a hanyarku daga Katsina zuwa Jidda, Allah Ya sa inuwarta a mizaninku. Ya raya ɗan tsiron nan, Ya ba ki ladan duk tsuntsun da zai sauka a kansa.

Masu kula da filin sun ba ni ɗan katako in rubuta sunan wanda aka dasa dominsa. Kin san bakina bai taɓa kama sunanki ba, hannuna ma ya ƙi. Don haka can a tsakiyar teku, a gefen hanyar kunkuru, akwai itace ƙarami da aka rubuta wa "Inna".

Wassalam.

'Yarki mai kewarki,
Talatu