Zanen Dutse Mai Irin Ɗaurinki

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Umma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahama.

Umma, kwana uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya. Har yanzu ina kafinta a sito, bakin tashar jiragen ruwa. Ranar Lahadi aka kawo wani akwati da katakonsa ya jiƙe, aka ce in yi sabo. Takardarsa ta ce mutum-mutumin dutse ne, na wata abar bautar mutanen Kambodiya na dā, ana mayar da ita ƙasarsu.

Mace ce, ba kai, ba hannu, ƙirji a buɗe. Ban san lokacin da na kwance rawanin da nake tare zufa da shi na rufa mata ba. Abokan aiki suka yi ta dariya, wai ina jin kunyar dutse. Tarbiyyarki ce, me zan ce musu?

Sai idona ya sauka kan zanenta. An sassaƙa shi ninki-ninki, an naɗe bakin a ƙugu, haɓar ta zubo gaba. Wallahi ɗaurinki ne sak. A haɓar nan kike ƙulle makullin ɗakinmu na unguwar Ammariyya, ita nake riƙewa idan mun shiga cunkoson kasuwar Balad. "Yalla, kama nan, kada ka ɓace mini."

Kin ƙi hoto duk rayuwarki. Na iƙama ma, takardar izinin zama a ƙasar nan, da ƙyar kika yarda, shi ma ya ɓace tare da takardunki. "Mai ƙaunata ya ajiye ni a zuci," kike cewa. To, na tsaya gaban dutsen nan ina laluben fuskarki, ta ƙi zuwa. Tsoro ya kama ni, Umma, kunya ta fi tsoron.

Na ɗauki hoton zanen a waya, daga ƙugu zuwa ƙasa. Gunki ne, na sani, astagfirullah. Bayan kowace salla sai in buɗe zan goge, in fasa.

Yau na buga ƙusar ƙarshe, an ɗauke akwatin. Ban goge ba. Ki yafe mini. Fuskar ta kuɓuce mini, haɓar kaɗai ta rage, kuma ke kika ce in kama.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya sa in gane ki ranar da za mu haɗu.

Ɗanki da ba ki taɓa kiran sunansa ba,
Babangida