Baba, Na Fanso Gonar Hanyar Yauri

Zuwa ga mahaifina Malam Idi, a gidansa na gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗiya ga uba, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake, na kuma san mutane za su karanta ta a nan, har da masu cewa Rakiya ta cika surutu. Su karanta. Ni dai ba zan iya riƙe wannan labari a ciki ba. Baba, jiya na fanso gonarmu ta hanyar Yauri.

Ka tuna ranar da na ce zan tafi Damagaram karatun aikin taimakon jama'a, wanda ake kira asistan sosiyal? Kawu Sani, ƙanen Inna, ya zo daga shagonsa na Ɗan Barto, ya yagi kwalin sukari ya zauna a zaurenka. Ya rubuta kuɗin makaranta da haya da ci na shekara uku a gefe ɗaya, ya rubuta albashin da zan samu a ɗaya gefen. Ya ce: "Wannan karatu ba ya biyan kansa. Shekara nawa za ta yi tana sauraren kukan mutane kafin ta mayar da kuɗin? A ba ta jari ta sayar da atamfa."

Ka daɗe kana kallon kwalin. Sannan ka ce: "Na ji lissafinka, Sani. Amma yarinyar nan tun tana ƙarama ita ke raka matan unguwa gidan likita."

Sati bai cika ba ka jinginar da gonar ga Alhaji Mamman, gaban mai unguwa da shaidu biyu. Ya ba ka kuɗi, shi kuma zai noma ta ya ci amfaninta har ranar da aka mayar masa da abinsa. Da na zo hutun farko, ina tsaye a ƙofar gida amalanken Alhaji ya wuce shaƙe da damman gero daga gonarka. Kai kana zaune a kan tabarma, ka ɗaga hannu ka yi wa mai shanun sannu da aiki. Ni na shige ɗaki na yi kuka har Inna ta yi mini faɗa.

Bari in faɗa maka gaskiya, tunda kai ba ka son a kewaya maka magana. Lissafin Kawu daidai ne. Na gama karatu na yi shekara biyu ina aiki ba ko dala, cikin su Allah ya karɓi abinsa, ka tafi gonar tana hannun wani. Da aka ɗauke ni a gidan likitan nan na Matameye, albashin bai ko kai abin da ya rubuta a kwali ba. Akwai watannin da na ce a raina, da atamfar na sayar.

Amma akwai abin da bai shiga kwalin ba. Wata mata ta taɓa gudu daga ɗakin yara masu tamowa da ɗanta a goye, magani bai ƙare ba. Kowa ya ce jahilci ne. Na hau kabu-kabu na bi ta ƙauyensu, na tarar ashe yara uku ta bari a gida ba mai dafa musu. Na zauna da surukarta har la'asar, sai da tsohuwa ta yarda za ta riƙe su, na dawo da uwa da ɗa. Yaron yanzu yana aji biyu, kuma kansa ya fi na kowa girma a layi. Irin wannan nake yi kullum, Baba, kuma ban taɓa tashi da safe ina ƙin aikina ba.

Kuɗin kuwa, adashe na shiga, na hana kaina sabon zane sallah uku. Farkon daminar bana suka cika. Na ɗaure su a gyale na tafi gidan Alhaji ina taƙama, ashe ruwan shuka ya sauka da kwana huɗu, ya riga ya shuka. Ni da takardata ta makaranta na manta abin da kowane yaro a garin nan ya sani, cewa gonar jingina in an shuka ta ba ta komawa sai an girbe. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce: "Malama, karatu ya mantar da ke damina."

Wata huɗu na yi ina gadin kuɗin nan. Katangar baya ta faɗi, biki ya taso, 'yan'uwa suka ji ƙanshi. Na ji tsoron kaina, na kai su wurin wanda na san ko dala ba za ta fita daga hannunsa ba, wato Kawu Sani. Sau biyu na koma da kaina ina roƙo, sau biyu ya kore ni.

Jiya, Alhaji na kwashe daminsa na ƙarshe, muka je gaban mai unguwa. Kawu ne ya ƙirga kuɗin, yana tofa yawu a yatsa, sau biyu. Da aka shafa fatiha ya juyo gare ni idonsa ya yi ja, ya ce: "Shekara tara, Rakiya. Ni a lissafina goma sha biyu na ba ki."

Daga can muka wuce gonar ni da Inna. Kara ne kawai a tsaye, amma ta cire takalmi ta zagaya iyakarta kaf, tana kiran sunanka, ita da ba ta taɓa faɗarsa ba kana raye. Na yi farin ciki, Baba, irin wanda ban taɓa yi ba. Na kuma yi kewarka matuƙa. Saboda ni ka daina cin hatsin gonarka, ka rasu ba ka sake ɗanɗana shi ba, kuma ko sau ɗaya ba ka tambaye ni yaushe ba.

In Allah ya kai mu baɗi, damin farko da za a ɗaure a gonar nan sadaka ne gare ka. Allah ya kai ladan kabarinka, ya yalwata maka shi, ya biya ka da abin da ni ba zan iya biya ba. Amin.

Ɗiyarka,
Rakiya