Na Ɗora Allura a Ƙirjina

Anti, ki taimake ni kafin in yi wa kaina aika-aika, wallahi zuciyata tafasa take yi.

Ni tela ce, rigunan mata nake ɗinkawa. Ciwon daji ya ci nonona na hagu, aka yanke shi. Likita ya sa min wata 'yar jakar roba ƙarƙashin fata, ana ɗura mata ruwa kaɗan-kaɗan don fatar ta saki, daga baya a cire ta a gyara min nonon. Ana cikin ɗurawar annobar nan ta faɗo. Ɗakin da ake kwantar da mu aka mayar na masu sarƙewar numfashi, likitan nawa ma can aka tura shi. Duk zuwan da na yi, tun daga ƙofa ake kora ni, wai aikina na kwalliya ne, in jira. Kwalliya! Jakar ta sandare kamar dutse, ba na iya kwanciya ta wannan ɓangaren, in na taka keken ɗinki ji nake ana yaga ni.

Ga shi kullum tef na hannuna ina auna ƙirjin mata lafiyayyu, ni kuwa ragowar ƙyallaye nake cusawa a rigar mama. Satin da ya wuce na sunkuya ɗaukar almakashi, ƙyallen ya faɗo gaban mai kawo ɗinki. Ƙanwata da ke taya ni guga ta tuntsire da dariya, wai ashe nan nake ɓoye yadin mutane. Tsokanar da ake yi wa teloli ce, ni ma na sha yin ta. Amma ban san lokacin da na fizge dutsen guga na wurga mata ba. Ya fasa mata goshi, jini ya wanke rigar da take gogewa. Bai ishe ni ba, na ɗaga kujera na ragargaza madubin gwaji. Ƙanwar nan ce fa ta yi jinyata, har wanka ita ke yi min lokacin da hannuna ya ƙi ɗaguwa bayan tiyata. Ta tafi, ta daina ɗaga wayata.

Yanzu wurin da jakar take ya yi ja, ya ɗau zafi. Jiya na ɗora babbar allurata a kan fatar, so nake in fasa tsinanniyar jakar ruwan ya tsiyaye in huta. In soka, Anti?

Taki,
Tela mai ciwo

Ƙanwata, ajiye allurar nan. Kada garin neman gira ki rasa ido. Kina sokawa kin buɗe wa ƙwayar cuta ƙofa zuwa cikin jininki, a lokacin da gadon asibiti ke gagarar mai shi.

Fushinki yana da dalili, an bar ki da aiki rabi. Su ma ma'aikatan asibitin ba mugunta suka yi ba, wanda numfashinsa ke tsayawa dole a fara da shi. Sai dai ja da zafin da kika ambata sun fitar da maganarki daga kwalliya. Yau ɗin nan ki tafi sashen gaggawa. Kada ki ce gyaran nono kika zo, ki ce wurin tiyatarki ya yi ja yana zafi, kuma akwai roba a ciki. In an hana ki shiga, ki zauna har sai likita ya gani da idonsa. Ki gaya masa zancen allurar ma, kada ki ɓoye.

Ƙanwarki bakinta ya yi saurin fita, ta taɓa inda ke ciwo. Amma ke jini kika zubar, kuma ciwo bai ba ki wannan izinin ba. Lokacin da hannun nan ya ƙi ɗaguwa ita ta wanke ki, da ya samu ƙarfi ita ya fara samu. Waya ba za ta gyara wannan ba. Ki taka da ƙafarki, ki ba ta haƙuri ba tare da kawo hujja ba, sannan ki roƙe ta ta raka ki asibiti, nata goshin ma a duba.

Allah ya ba ki lafiya, ya sanyaya zuciyarki, ya dawo miki da 'yar'uwarki.

Antinku