Yashin da Na Kai Kabarin Mama

Torreón,
9 ga Nuwamba.

Zuwa ga ƙanwata Casilda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Wilfrido da yara. Allah ya sa sanyin Calgary bai tayar miki da ciwon gwiwar nan ba. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ɗanki Baldomero ya samu ƙarin girma a wurin aiki, matarsa kuma tana da juna biyu, muna sa rai a watan Maris. Allah ya raba lafiya.

Kin dame ni da tambayar hoton kabarin Mama na Ranar Matattu, ranar ziyarar kaburbura, wanda na saba tura miki kowace shekara. To, bana babu hoto. Dalilin ya fi ƙarfin waya, shi ya sa na ɗauki biro. Ki nemi wuri ki zauna.

Kin san tun da likita ya hana maigidana Anselmo tuƙin babbar mota saboda idonsa, shekara biyu ke nan, mutumin naki ya daina magana. Daga kujera sai gado. In na tambaye shi me zai ci, sai ya ɗaga kafaɗa. Baldo kuwa, da ya tashi nema wa ubansa abin ɗebe kewa, duk dabbobin duniya bai ga na kawowa ba sai macizai biyu, irin ƙananan nan marasa dafi da ke nitsewa cikin yashi su bar ido kawai a waje. Macen ƙatuwa, Reina, namijin ɗan firit, Chato. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Casilda, yau a firizata akwai ɓeraye daskararru, kusa da naman da nake yin tamales, alalen masarar nan, da shi. Amma ban ƙi gaskiya ba, mutumin ya fara tashi daga kujera.

A watan Yuni ya sanar da ni wai zai haɗa su su hayayyafa. Na ce ai biyun ma sun ishe ni kuka. Bai ko kalle ni ba. Reina ta kumbura, ta daina cin abinci, kullum tana kwance a gefen da ke da ɗumi. Shi kuma ya ɗauke min kulata, babbar nan ta zuwa biki, ya huda ta, ya sa mata ƙwan lantarki, wai wurin ƙyanƙyasa. Baldo ya ce masa ya tambayi masu kiwon abin, ko ya bari a duba masa a waya. Anselmo ya ce shi da ya tashi cikin kajin kakarsa, ya kuma yi shekara talatin da biyar yana taka macizai a titi, ba yaron da ya goya ne zai koya masa yadda ƙwai yake ba. Kin dai san taurin kansa. Wata huɗu da rabi ana ƙona min lantarki a kan kula babu komai a ciki.

Saura kwana huɗu Ranar Matattu ya wayi gari ya ga Reina ta motse kamar safar da aka cire ƙafa. A saman yashin kuma ga wasu abubuwa biyu rawaya, masu danƙo. Ya lallaɓa ya sa su a kula. Kwana biyu suka ruɓe, gidan ya ɗauki wari. Ya kashe ƙwan lantarkin, ya ciro macizan ya sa a roba, ya ce in gaya wa Baldo ya zo ranar Lahadi ya kwashe kayansa, shi ba ya iya komai yanzu. Ya koma kujera. Allah ya gafarta min, a ranar har waƙa na yi a kicin.

Kin tuna yadda Mama ke cika gwangwanayen madara da yashi don kyandir ya tsaya a kabari kada iska ta kayar? Ranar jajibere na duba, ga yashi mai laushi a akwatin gilashin macizan, ba mai shi. Na sa safar hannu, na kawar da kai don ƙyama, na ɗeba da kwano na cika gwangwani shida. Washegari muka tafi maƙabarta da furanni da kwandon abinci, Anselmo na biye da ni da bokitin ruwa kamar wanda aka tilasta.

Wajen sha ɗaya, rana ta ɗumama gwangwanayen, shi ya tafi layin famfo. Na durƙusa zan soka kyandir, sai yashin ya motsa. Wani ɗan kai ya leƙo, bai kai kan ɗan yatsana ba, launin ruwan lemo da ɗigon baƙi, Reina sak. Ashe irinsu ba sa yin ƙwai, haihuwa suke yi! Abin da ya sa a kula ɓarin da bai zama komai ba ne, 'ya'yan kuwa tun ranar suna ƙarƙashin yashi.

Zan gaya miki abin da ban gaya wa ko Fadan cocinmu ba. Babu wanda ya gani sai ni. Ga katanga a bayana, ga ciyawa. In na juye gwangwanayen a can, ranar Lahadi Baldo ya kwashe manyan, na huta har abada, firizata ta dawo tawa. Har na ɗaga na farko. Sai na hango shi a layi, kafaɗu a sake, mutane na wuce shi suna cin layinsa bai ce uffan ba. Anselmo fa, wanda dā ake jin muryarsa daga bakin titi. Haushi ya kama ni, na shi da na kaina. Na ƙwala masa kira, na ce tsohon banza, zo ka kwashi jikokinka daga kan uwata.

Bokitin ma a can ya bar shi. Ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa a kan kabarin, ya dinga juye yashin a hankali yana tacewa da yatsu, furannin da na jera duk ya watsar. Doña Eufemia ta kabarin kusa ta leƙo ta gani, ta kurma ihu, ta hau kan kabarin mijinta tana cewa bai taɓa yi mata amfani irin na yau ba. Mawaƙan da aka ɗauko a layin kaburburan gaba suka tsaya. Goma sha ɗaya ya ƙirga, duk da rai. Ya juye tamales ɗin da na kawo wa Mama a faranti, ya zuba 'ya'yan macizan a kwandona. Sannan ya cire hula ya fuskanci dutsen, ya ce wa Mama, ita da har ta rasu ba ta taɓa kiransa da komai ba sai direban nan, wai ya gode, ta riƙe masa amana. A haka zan ɗauki hoto?

Yanzu ɗakin da kike sauka ya cika da ƙananan robobi goma sha ɗaya, kowace da suna a jiki. In kin zo Kirsimeti tare da ni za ki kwana, kada ki ce ban faɗa miki ba. Anselmo ya aika wa Baldo kada ya zo, sai dai in da ɓeraye, jarirai wannan karon. Wai baɗi ma zai sake haɗa su. Tun daga ƙofar maƙabarta har yau bakinsa bai rufu ba: wannan ta saɓa fata, wancan ya ƙi ci, waccan halinta irin nawa ne, cizo. Kaina har ciwo yake. Jiya na buɗe baki zan ce ya yi min shiru don Allah, sai na tuna na san yadda shirun nasa yake. Na ja kujera na ce ya nuna min mai halin nawa.

Ki gaida Wilfrido, da Maribel da Efraín, da surukarki Doña Otilia. Baldo da matarsa suna gaisuwa. Mutumin naki ya ce in gaya miki mafi ƙiba a cikinsu sunanki ta ci.

Taki har kullum, yayarki,
Herminia