Ɗan Rahoto da Giwan Ruwan Baba Dankure

Birnin Kebbi
Litinin da safe, 11 ga Maris, 1963

Ƙanena Irimiya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da mutanen gidan Baba Dankure, da injunan ban ruwan da kake ƙauna fiye da 'yan uwanka.

Bayan haka, firizata ta yi shiru. Wuta na zuwa, fitilar kicin na kamawa, amma tun jiya da muka taso daga coci ban sake jin gurnaninta ba.

Bari in tuna maka abin da ke ciki, tunda kai ka jawo mini. Giwan ruwan da mai masaukinka Baba Dankure ya kama ne, wanda ya ce daga shi ya ajiye komar su da gora, kuma ba mai taɓa shi sai ɗansa Abdussamadu ya dawo daga aikin soja a Kwango. Kai ka tsaya gaban tsohon ka ce yayarka tana da akwatin da ba ya barin nama ya lalace. Ya hau mota da kansa ya kawo, ya sa shi ciki da hannunsa, har ya ce in ba su wuri su yi sallama.

Saura kwana tara sojan ya iso. Ɗazu na danna wutsiyar da yatsa, ta ɗan lotsa. Shekara uku na yi a Ibadan ina haddace sarakunan Ingila, ba malamin da ya ce uffan a kan wannan.

Maigandi direba zai juyo da azahar. Ka ba shi amsa, ko ka ba shi kanka.

Yayarka,
Judith

*

Argungu
Litinin da rana

Yaya Judith,

Ina gaishe ki da kyau. Takardarki ta same ni a ƙarƙashin inji, ki yi haƙuri da baƙin man da ke gefe. Ba halin in zo, shinkafa na shan ruwa, in na bar wurin, famfo zai tsaya. Amma Yaya, wannan ciwon na san shi, har hannuna ƙaiƙayi yake yi.

Ki daina buɗe murfin. Sannan ki cire filogi. Na sake faɗa, ki cire filogi.

A bayan maɓallin nan mai lambobi akwai ɗan akwati, wayoyi biyu sun shiga cikinsa. Daga jikinsa wani bututu siriri kamar tsinken tsintsiya ya fito, ya shiga cikin firizar ya kwanta jikin bango. Mu a wurin aiki ɗan rahoto muke ce masa. Iska ce a cikinsa. In ya ji ɗumi ta kumbura, ya ce wa inji tashi. In sanyi ya isa ta lafa, ya ce huta. To in ya huje iskar ta gudu, rahotonsa ɗaya ne har abada: sanyi ya isa.

Ki zare wayoyin nan biyu, ki haɗa su da juna, ki naɗe da tef, ki mayar da filogi. In inji ya tashi, ɗan rahoto ne mai laifi, kuma abu ne mai sauƙi. In bai tashi ba, injin ne ya mutu, sai mu fara neman bakin da za mu tunkari Baba da shi.

Ban gaya masa ba. Kullum da safe sai ya leƙo ɗakina ya ce, "Irimiya, ina labarin baƙonmu na Birni?"

Ƙanenki,
Irimiya

*

Birnin Kebbi
Talata, 12 ga Maris

Malam Injiniya,

Ina gaisuwa. Ya tashi.

Da wuƙar yanka albasa na kwance sukurorin. Na cire filogi, sau biyu ma, tunda sau biyu ka faɗa. Da na mayar na ji gurnanin nan, sai na tsinci kaina ina taka rawa ni kaɗai a kicin, abin da ban yi ba ko ranar da aka sauke tutar Ingila. Yau da safe wutsiyar ta koma kamar icce.

Ɗan rahoton naka na san ire-irensa, masu albashi ma. Rufi na yoyo, takarda na cewa komai lafiya.

Amma ga abin da ba ka zata ba. Na bi bututun da yatsa har bayan kan kifin, don in ga inda ya huje. Irimiya, kifin a ɗaure yake. Igiya ta shiga ta bakinsa ta fito ta gefen kai, an yi mata ƙulli irin na masunta, tsaf, a jikin bututun. Sallamar da Baba ya tsaya yi ke nan.

Kafin ka fara dariya, akwai rabona a ciki. Ranar Asabar matan zumunta suka zo ganin abin mamaki, ni kuma da iyayi na jawo kifin gaba don su ga girman kan. Na ji wani ɗan ƙas, na ɗauka ƙanƙara ce. Masunci ya ɗaura, mai digiri ta ja.

Yanzu sai yaya? Injin bai huta ba tun jiya, bayansa har ba ya taɓuwa.

Judith

*

Argungu
Laraba, 13 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa. Na yi dariyar duk da haka, har abokan aiki suka zo ganin ko lafiya.

Na bi ta gefe na tambayi Baba ko ana ɗaure kifin da ya riga ya mutu. Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. Ya ce, "Babban kihi ba a aje shi sake, ko shina da rai ko babu. Akwatin ɗiyata ma an yi mishi wurin ɗauri, Turawa sun san aiki." Sai na ce haka ne, Baba.

Ga albishir. Baturen da ya bar aikin shinkafa bara ya bar wata firiza irin taki a bayan sito, injinta ya ƙone, kaji ke ƙwai a ciki. Na nemi izini na ciro ɗan rahotonta, na gwada shi a tafin hannu da cikin ruwan randa, yana amsawa. Ga shi nan na naɗe a cikin tsohuwar singileti, Maigandi zai ba ki hannu da hannu.

Waya ta hagu a hagu, ta dama a dama. Bututun ki bi da shi a hankali ta ramin da tsohon ya fito, kada ki lanƙwasa shi, ki maƙale kansa jikin bango. Kafin ki sa shi, ki riƙa ba injin hutun awa guda in rana ta take.

Naki,
Irimiya

*

Birnin Kebbi
Juma'a, 15 ga Maris

Irimiya,

Ina gaishe ka. An yi wa ɗan rahoto canji, ba biki ba jawabi.

Na sa shi jiya bayan an tashi makaranta. Na jawo kujera na zauna gaban firizar da littattafan yara, ban duba ko ɗaya ba. Can wajen la'asar na ji tak, inji ya tsaya da kansa. Zuciyata ta tsaya tare da shi. Minti ashirin da biyu ina kallon agogo, sai ga tak, ya tashi. Ban taɓa jin magana mai daɗi daga bakin ma'aikaci kamar wannan ba.

Igiyar ban cire ta daga bakin kifin ba. Na mayar da ƙullin jikin kwandon ƙarfen da ke cikin firizar.

Abu ɗaya ya rage. Kifin ya yi kwana guda ba sanyi, a zafin Maris. Waje dai lafiya, ba wari, amma cikinsa sai wuƙa ta shiga za a sani. Don haka ka gaya wa Baba duka, har da jan da na yi, kada a sa a gaban yaron ba a duba ba. Ranar Laraba zan ɗora shi a motar farko, cikin bargo da buhu uku.

Yayarka,
Judith

*

Argungu
Alhamis, 21 ga Maris

Zuwa ga ɗiyata Malama Judi,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Irimiya ke rubutawa, ni ke faɗi.

Kihi ya iso kamar dutsi, wuƙa ta ƙi shiga. Unguwa duka ta zo taɓawa. Sai bayan la'asar yas saki, ni da kaina nib buɗe cikinshi. Fari tas, kamar yau yaf fito ruwa.

Abdu ya iso lahiya, sai dai hannunshi na dama bai dawo yadda yat tahi ba, bai gaya muna ba a takarda. Ni niz zauna ina cire mishi ƙaya ina aje mishi tsoka. Ya ci, ya ce a ƙara.

Allah shi yi miki albarka.

Babanki,
Dankure