Ranar Yasar Rijiya

Yaya Rabi,

Ina gaisuwa. Ina gida, ina yara, yaya jikin Inna? Mu nan Gangara sai fari, kuma tun Talata na kasa zama wuri ɗaya.

A ranar ne maigida ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga yasar rijiya, ya ce in kula. Hankalina na kan littafi har ya suma ban sani ba. 'Yan matan Fulani biyu masu jiran ruwa suka ga igiyar ta daina motsi. Babbar ta ce, "Amarya, ajiye takarda, mijinki ya yi shiru." Kafin in miƙe sun ɗaura igiyar ga ramammen takarkarinsu, sun kora shi. Maigida ya fito da rai.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a. Zancen in taho Katsina kafin damina kuwa, na fasa. Ba zan bar maigida ba.