Mun Riga Ƙanƙara Zuwa Dutse

Zuwa ga ƙanwata Hafsat, a Rawayya.

Assalamu alaikum. Ya yara, ya ƙafar Inna? An gama kai dawa rumbu?

Muna Turkiyya lafiya lau. Autana Ashiru ya ce mu bari sanyi ya kankama kafin mu je dutse wasan zamiya a kan ƙanƙara, amma kin san maigidana Alhaji. Shekara talatin da biyar yana malamin gona, ya ce shi bai taɓa barin ruwan farko ya wuce shi ba. Ana cewa ƙanƙara ta fara zuba muka taho, sai muka tarar rabin dutsen ciyawa ce da laka!

Haka ya ɗaura dogayen katakan zamiyar a ƙafa, ya zame, ya ƙare cikin laka. Gwiwar ta ɗan kumbura, ba wani abu ba ne, amma kada Inna ta ji. Ki sa mu a addu'a.

Na isa wurinsa a tsorace, na iske shi yana murza ƙasar a hannu, yana dariyar da rabona da jin irinta tun ajiye aikinsa. Ya ce, "Hajiya, ƙasar nan za ta yi gyaɗa!"

Gobe ni zan hau.

Allah Ya sada mu da alheri.

Yayarki,
Ladidi